Mun Yi Yawa Ne, Ko Shirinmu Ne Ya Yi Kaɗan? Fashin Baƙi Kan Yawan Jama'a da Arzikin Ƙasa

Shin mutane sun yi wa duniya yawa, har wata rana abinci da ruwa da ƙasar noma za su gaza? Tambayar takan taso duk 11 ga Yuli, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don maganar yawan jama'a, kuma ta ƙara ƙarfi tun 15 ga Nuwamba 2022 da aka ce 'yan Adam sun cika biliyan 8. A Kano da wuya a kai ƙarshenta majalisa ba ta rabu biyu ba. Wani zai ce makircin Turawa ne, ai bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Wani, galibi ɗan boko da ya kwana a Facebook, zai ce haihuwa barkatai ce ta kai Arewa inda take. Kowa ya faɗi tasa a watse, ba wanda ya ɗauki biro ya yi lissafi.

Abin da ya sa na zauna na bi maganar daki-daki shi ne ɗan ƙanwata, wanda ke aji biyu a babbar sakandare. Ya same ni bayan magariba da takarda a hannu, fuska a ɗaure.

"Kawu, muhawara aka sa mu, wai yawan jama'a masifa ne ko albarka. Ni aka ba wa masifa, kuma wallahi ban yarda ba."

Na ce ya ajiye yarda da rashin yarda tukuna, ya fara sanin abin da ake magana a kai. Yawancin abin da ke ƙasa, hirarmu ce ta wannan dare da na darare biyu bayansa.

Abu uku ne ake haɗa su a kwano ɗaya

Idan aka ce "yawan jama'a", wani adadi yake nufi, wani saurin ƙaruwa, wani kuma shekarun mutanen. Adadi kaɗai ba ya faɗa maka komai. Japan ta fi mutum miliyan 120 a tsibiran da duwatsu suka cinye mafi yawansu, ba kuwa a kwana da yunwa saboda hakan. Jamhuriyar Nijar ba ta kai rubu'in Japan a yawan mutane ba, ga faɗin ƙasa, amma kowace damina sai an yi zullumi.

Saurin ƙaruwa shi ne inda gizo ke saƙar. Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace: ka raba 70 da kason da jama'a ke ƙaruwa da shi a shekara, za ka samu shekarun da za su ɗauka kafin su ninka. Ƙasar da ke ƙaruwa da kashi 1 cikin 100 sai ta yi shekara 70. Wadda ke ƙaruwa da kashi 2.5, shekara 28 kawai. Ma'ana kafin jaririn da aka raɗa wa suna yau ya yi aure ya zauna daram, dole garinsu ya samu ninkin ajujuwansa, ninkin gadajen asibitinsa, ninkin ruwan famfonsa, wannan kuma don a tsaya inda ake kawai, ba don a ci gaba ba.

Na ukun, shekaru. Mutum miliyan ɗaya da rabinsu yara ne da mutum miliyan ɗaya da mafi yawansu majiya ƙarfi ne, sunansu ɗaya a takarda, amma tukunyarsu daban. A Najeriya sama da kashi 40 cikin 100 ba su kai shekara 15 ba, rabin 'yan ƙasa kuma ba su wuce 18 ko 19 ba.

Yaya aka yi muka kai biliyan 8?

Tun daga farkon ɗan Adam sai wajen 1804 aka cika biliyan ɗaya. Na biyu ya zo a 1927, na uku a 1960, na huɗu a 1974, na biyar a 1987, na shida a 1999, na bakwai a 2011. Wanda aka haifa shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, a rayuwarsa kaɗai ya ga jama'ar duniya sun kusa ninka uku.

Mutane da yawa sun ɗauka haihuwa ce ta ƙaru. Ba ita ba ce. Mutuwa ce ta ragu, musamman ta ƙananan yara. Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa ya san wannan ba sai an karanta masa littafi ba. Kakata ta wajen uwa haihuwarta goma sha ɗaya, huɗu suka rayu. Idan tana lissafa su da yatsu, takan ce wannan ƙyanda ce, wannan tarin shiƙa, wannan kuwa zazzaɓin kwana biyu ne a lokacin damina. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da ake sa wa 'ya'yan mai wabi ba don ado aka ƙirƙire su ba. Da rigakafi ya zo, da maganin ƙwayoyin cuta, da gishiri da sukari na gudawa, aka kuma kawar da agana daga doron ƙasa a 1980, sai yaran da a da ake binnewa suka rayu, suka yi aure, suka haihu.

Kusan kowace ƙasa wannan hanyar ta bi. Mutuwa ta fara sauka, haihuwa ta tsaya inda take na tsawon lokaci domin iyaye ba su riga sun sakankance cewa yaran za su rayu ba, sannan daga baya ita ma ta sauko. Tsakanin saukar farko da ta biyu ne jama'a ke bunƙasa. Turai ta wuce wurin tuntuni, Asiya ta wuce a zamanin iyayenmu, mu kuma muna tsakiya.

Duniya ta fara taka birki, mu ne ba mu kai ba

A shekarun 1960 jama'ar duniya na ƙaruwa da kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara. Yanzu bai kai kashi 1 ba. A wancan lokaci matsakaicin haihuwar mace ɗaya a duniya wajen biyar ne, yau bai kai biyu da rabi ba. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce za a tsaya a wajen biliyan 10.3 a shekarun 2080, daga nan a fara raguwa.

Wasu ƙasashen ma kukan rashin jarirai suke yi. Sin, wadda ta shekara 35 tana tilasta dokar ɗa ɗaya, ta sassauta zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021, amma matasanta sun ƙi haihuwar. Jama'arta sun fara raguwa a 2022, Indiya ta sha gabanta a 2023. A Koriya ta Kudu matsakaicin ya faɗi zuwa 0.72 a 2023, alhali sai an kai 2.1 al'umma ke maye gurbin kanta. A Japan ana rufe makarantun ƙauye don babu yaran da za su shiga.

Sauran ƙarin da ya rage, mafi yawansa a Afirka ne da wani yanki na Asiya. Majalisar ta lissafa ƙasashe takwas da za su kawo fiye da rabin ƙarin da za a samu zuwa 2050, Najeriya na ciki, tare da Habasha, Masar, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Tanzaniya, Indiya, Pakistan da Filifin. A Najeriya ƙidayar 1963 ta ba mu miliyan 55 da ɗoriya, ta 1991 miliyan 88.9, ta 2006 miliyan 140. Yau ƙiyasi ya haura miliyan 220, ana kuma sa ran a zarce miliyan 350 a 2050. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu matsakaicin haihuwa 5.3, Legas na da 3.4, Arewa maso Yamma kuma sama da shida. Na baya-bayan nan ya nuna an sauko 4.8.

Wani abu da masu zafin kai na ɓangarorin biyu ba sa so su ji: ko da gobe kowace mace a Kano ta tsaya a haihuwa biyu, jama'a za su ci gaba da ƙaruwa na gomman shekaru, domin iyayen gobe an riga an haife su, suna firamare da islamiyya yanzu haka. Tirela mai lodi ko an taka mata birki sai ta ja ƙasa kafin ta tsaya.

Abinci zai ƙare?

Tsoron ya tsufa. A 1798 wani limamin coci a Ingila, Thomas Malthus, ya rubuta cewa mutane na ninkuwa, biyu, huɗu, takwas, abinci kuwa ɗaiɗai yake ƙaruwa, don haka yunwa da annoba ne za su riƙa daidaita sahu. Sama da shekara 200 ke nan, mutane sun ninka takwas, kuma abincin da ake nomawa yau idan aka raba kan kowa ya fi na zamaninsa. Abin da bai hango ba shi ne takin zamani, wanda Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka gano yadda ake haɗa shi daga iskar sararin sama a farkon ƙarni na 20, sai ingantaccen irin alkama da shinkafa na shekarun 1960, aikin da ya sa aka ba masanin noma Norman Borlaug kyautar Nobel a 1970.

Amma ba sai mun je Jamus ba. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe tana ba masana mamaki. Tun kafin takin buhu, karkarar nan na cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazarin yadda aka yi haka. Amsar duk tsohon manomi a Gezawa ko Dawakin Kudu ya san ta: da rani jakuna su shigo birni da itace da kara, su koma da mangalar taki da toka daga juji. A shuka gero da dawa, a sa wake da gyaɗa a tsakani. Harawa ta tafi ga tumaki da awaki, kashinsu ya dawo gona. Ba a sare gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona. Yawan hannu ne ya sa aka iya wannan aiki mai cin rai. A nan karin maganar nan ta yawa shi kan sa zare ya ja dutse ta yi gaskiya.

To me ya sa har yanzu kimanin mutum miliyan 700 ke fama da yunwa a duniya? Amartya Sen, Ba'indiye masanin tattalin arziki, ya bi diddigin yunwar Bengal ta 1943 ya nuna cewa mutane sun mutu alhali akwai shinkafa a ƙasar, kuɗin saye ne babu. Mu ma mun san irinta. Ka shiga Dawanau, rumbuna maƙil da hatsi, tireloli na lodi zuwa Nijar da Kudu, a bayan kasuwar kuma akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ka je Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ka ga kwanduna na ruɓewa a rana, bayan wata huɗu ka sayi ƙwaya huɗu da kuɗin da a da ke cika kwano. Hukumar abinci ta duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa lalacewa yake yi ko a zubar.

Duk da haka kada a yi saurin cewa Malthus ya yi ƙarya an gama. Haɗa takin zamani na buƙatar iskar gas, alkamar burodinmu da gurasarmu kuma mafi yawanta daga waje take zuwa. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, mai gurasa a Jakara ta ji a jikinta.

Inda iyakar take da gaske

Ruwa ne na farko. Kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne, ɗan ragowar ma mafi yawansa ƙanƙara ce ko yana can ƙarƙashin ƙasa, kuma noma ke shanye kusan kashi 70 na wanda ake ɗiba.

A unguwarmu ba agogo ke tashin mutane ba, ƙarar kurar mai ruwa ce a kan kwalbati. Tun asuba 'yan garuwa sun yi layi a bakin rijiyar burtsatse, kowa da jarkokinsa sha biyu ko sha huɗu, masu launin ɗorawa, an toshe bakin wasu da leda. Famfon da ke tsakar gidanmu ina yaro yana zuba, yau igiyar shanya ake ɗaurawa a jikinsa. Rijiyar gidan da guga ke taɓa ruwa a gaba huɗu ta ƙafe, maƙwabci ya haƙa burtsatse, na kusa da shi ya haƙa wadda ta fi zurfi, ta farkon ta fara tari. Duk daga tulu ɗaya ake sha a ƙarƙashin ƙasa, kuma ba wanda ke lissafin abin da damina ke mayarwa, ga shi mun shafe tsakar gida da siminti, mun cike kududdufan da a da ke tare ruwan sama mun yi gini a kansu. Shi ya sa unguwa ɗaya take kukan ƙishi a watan Afrilu, ta yi kukan ambaliya a Agusta.

Da Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birni dubu 30, su kai dubu 60 idan fatake sun sauka. A cikin ganuwa ma akwai gonaki. Ƙidayar 2006 ta samu kimanin miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, yau ana maganar sama da miliyan 4. Madatsar Tiga ta zamanin Audu Bako, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992, su ne jigon ruwan sha da noman rani na Kadawa da Kura. Amma ruwan da aka tare a Tiga ruwa ne da bai isa fadamun Haɗeja da Nguru ba, kuma hanyar ce ke bi ta Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi, tafkin da ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a shekarun 1960 kafin fari da ɗibar ruwa su tsuke shi ya koma ɗan kaɗan. Shinkafar Kura da kifin Nguru daga kogi ɗaya suke ci.

Na biyu ƙasa. Ɗauki magidanci mai gona eka goma sha biyu, ya bar 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu. A sauƙaƙe lissafi, kowane namiji eka biyu, kowace mace ɗaya. Idan kowane ɗa ya bar irin wannan zuri'a, jika namiji zai tashi da sulusin eka, wadda ba ta ciyar da gida ko wata uku. Sai ya sayar wa dillali, a yanka ta awon igiya, ba titi, ba magudana, ba filin makaranta, shi kuma ya shigo birni ya karɓi Adaidaita Sahu a kan biyan balas. Wanda ya san Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ko Mariri shekara talatin baya, ya san gonaki ne. Waɗannan su ne gonakin da jakunan taki ke zuwa.

Itace da gawayi ba sai an faɗa ba. Duk lokacin da gas ya yi tsada, daji ne ke biya.

Wa ke cinye rabon?

Nan ne masu cewa akwai rainin hankali a maganar suke da hujja. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa kashi 10 cikin 100 mafi arziki na mutanen duniya su ke da alhakin kusan rabinsa. Wutar da gida ɗaya mai na'urar sanyaya ɗaki ke sha a Amurka ta ninka ta gida ɗaya a Kurna sau da yawa. Idan batun lafiyar duniya ake yi, yaron da aka haifa a Fagge ba shi ne matsalar ba.

Sai dai a kula, wannan hujja tana kare mu ne a zauren taron ƙasashe. Ba ta ƙara ko bokiti ɗaya a rijiyar unguwa, ba ta ƙara benci a aji. Matsala biyu ce: ta duniya, wadda almubazzarancin masu hali ya haifar, da ta gida, wadda ke tsakanin saurin ƙaruwarmu da nawar shirinmu. Matashin da ya cakuɗa su zai yi ta zagin Turawa ko ya yi ta zagin iyayensa, a duka biyun bai taɓa matsalar ba.

Me ya sa Bakano ke ɗari-ɗari da maganar?

Ruwa ba ya tsami banza. A 1974 gwamnatin Amurka ta shirya wani rahoton sirri a ƙarƙashin sakataren harkokin wajenta, Henry Kissinger, wanda ya ɗauki ƙaruwar jama'a a ƙasashe 13 a matsayin abin da ya shafi tsaronta, Najeriya na cikin jerin. A Indiya tsakanin 1975 da 1977 an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas. A nan gida kuma, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Wanda bai san wannan ba ba zai gane abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ba. Duk mai son wayar da kan matasa, in ya tsallake wannan tarihi, su ba za su tsallake shi ba.

Akwai kuma siyasa. Yawan jama'a na cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya da kujerun majalisa. Ƙidayar 2006 ta ba Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Legas ta ce ba ta yarda ba. Kowacce na da kujeru 24 a Majalisar Wakilai. A irin wannan yanayi, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba karin magana ba ce kawai, kasafi ce. An shirya ƙidaya a 2023 aka ɗage, ke nan kusan shekara ashirin muna gina makarantu da asibitoci da ka.

Ina addini ya tsaya?

Wannan fage na malamai ne, zan taƙaita ga abin da ya shahara. Alƙur'ani ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, a Suratul An'am da Suratul Isra'i, kuma an kwaɗaitar da haihuwa a hadisi. Alƙur'anin ne kuma ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, ya hana almubazzaranci, ya ba da labarin Annabi Yusuf (AS) da tanadin hatsin shekara bakwai. An ruwaito sahabbai suna yin azalu a zamanin Manzon Allah (SAW). Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade yawan 'ya'ya ba, bai halatta a kashe mahaifa gaba ɗaya ba sai da larura, amma ma'aurata na iya ba da tazara bisa shawara da yardar juna idan babu cutarwa.

Shi ya sa kalma ke da nauyi. "Ƙayyade iyali" na tayar da jijiyar wuya, kamar yadda manufar 'ya'ya huɗu ta zamanin Babangida a 1988 ta tayar. "Tazarar haihuwa" kuwa tsohuwar al'adarmu ce. Kakanninmu na tura mai jego gidan iyayenta, ana jiran yaye, kuma macen da ke yin kwanika har gori ake mata. Iran ta sauko daga haihuwa sama da shida a shekarun 1980 zuwa wajen biyu a 2000. Bangaladash ta yi irin wannan sauka, Indonesiya da Saudiyya ma haihuwa ta ragu ƙwarai, ba wadda ta bar Musulunci. A kusan ko'ina abu biyu ne suka fi tasiri: yara su daina mutuwa, 'ya'ya mata su daɗe a makaranta. A Najeriya binciken 2018 ya nuna cikin yara dubu, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Uwar da ta binne biyu, ba allon talla ne zai sa ta tsaya a huɗu ba.

Yawan matasa: garaɓasa ko taron tsintsiya?

Masana na da wani abu da suke kira garaɓasar yawan matasa. Idan haihuwa ta ɗan sauko, tarin yaran da aka haifa a baya suka girma, sai a samu wasu shekaru da masu aiki suka fi masu zaman a ba su yawa sosai. Gida ya iya ajiya, gwamnati ta iya kashe kuɗi mai kauri kan kowane ɗalibi. Koriya ta Kudu da Sin sun ci wannan garaɓasa, amma sai da suka tanadi makaranta da masana'anta kafin taron ya iso.

Mu taron ya iso. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da ke ɗaukar dubban ma'aikata a shekarun 1970 da 1980, da yawansu sun zama rumbun ajiyar kayan waje, atamfar da ake sayarwa a Kantin Kwari kuma mafi yawanta daga Sin take. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana cewa sama da yara miliyan 10 'yan shekarun firamare ba sa makarantar boko a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Ga talaka abin da wannan ke nufi a bayyane yake: haya na tashi don masu nema sun fi ɗakuna yawa, ladan leburanci na faɗuwa don idan ka ƙi wani zai karɓa, layin awo a asibiti na farawa kafin kiran assalatu. Yawan kasuwa ne kuma, wannan gaskiya ce, don ba banza kamfanonin waya da na taliya ke rububin Kano ba. Bakin ci ya samu, hannun da aka koya wa sana'a ne ya yi ƙaranci.

Ni a ganina wayar da kan matasa a wannan fanni ba wa'azin "ku haifi kaza" ba ne, wannan shawara ce ta miji da mata a ɗakinsu. Abin da ya kamata a koya musu shi ne ƙirga. Makarantu nawa ne a mazaɓarku, yara nawa aka haifa bana, aji nawa za a buƙata nan da shekara shida, nawa aka sa a kasafi. Saurayin da ya iya wannan lissafi zai yi wa ɗan takara tambayar da taliya da atamfa ba za su amsa ba, zai kuma yi wa kansa irinta kafin ya kai kuɗin gaisuwa.

Wannan aikin na ba ɗan ƙanwata. Bayan kwana biyu ya dawo da jotarsa. Ajinsu mutum 94, benci 21. Gidansu mutum 13, jarka takwas suke saye kullum, goma ranar wanki. Ya tambayi kakarsa, ta ce lokacin da aka kawo ta unguwar amarya gida tara ne, daga ƙofarsu ana hango jirgin ƙasa yana wucewa. Ya bi layinsu kaɗai ya ƙirga ƙofa 61, burtsatse bakwai, makarantar gwamnati kuma ɗaya ce, wadda mahaifiyarsa ta yi.

"Kawu, to yanzu wanne zan ce, masifa ko albarka?"

Na ce ɓangaren da aka ba shi zai kare, haka dokar muhawara take. Ya tsaya yana duba jotar, can ya ce zai fara da bencin, don alƙalan ma a kansa za su zauna.